Tukunyar Cosimo Ba Ta Kwana Huɗu

Cikin alhini da nauyin zuciya, da kuma wata kunya da za mu faɗi dalilinta a ƙasa, Ƙungiyar Masu Rumfunan Burodi da Naman Sa ta Yammacin Chicago, a madadin Shugabanta, da Kwamitin Amintattunta, da ɗaukacin mambobinta talatin da ɗaya, tana sanar da jama'ar unguwa, da abokan cinikinmu, da 'yan uwanmu mahauta da masu gidajen burodi, cewa ta samu labarin rasuwar dattijonmu, jagoranmu, ɗaya daga cikin mutum biyar da suka kafa wannan ƙungiya, kuma tsohon Shugabanta har karo uku, Mista Cosimo Ferrandino, mai rumfar kusurwar Titin Grand, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Asabar da ta gabata, yana da shekara saba'in da tara a duniya. Ya faɗi ne a bayan kantarsa da hantsi, bayan an sallami masu karin kumallo, kuma kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar 'ya'ya biyu, Uwargida Loretta Ferrandino da Dakta Dario Ferrandino, da jikoki huɗu.

Tun ranar Lahadi ya kamata wannan saƙo ya fita, ga shi yau Laraba. Muna roƙon jama'a su karanta shi har ƙarshe, domin ta'aziyya ce, amma ba ta'aziyya kaɗai ba ce.

Shekara arba'in da huɗu marigayin ya yi yana ɗaga ƙofar ƙarfen rumfarsa ƙarfe biyar na asuba, ko ana zuba ƙanƙara ko ana zafin da ke narkar da kwalta. Direbobin bas, da masu kwashe shara, da ma'aikatan jinya da suka tashi daga aiki, duk a hannunsa suka saba karya kumallo da ƙwai da tattasai a cikin burodi, da soyayyen dankali, da kofi mai baƙi kamar bakin tukunya. Daga ƙarfe goma kuma sai nama: a gasa, a bari ya huce, a yanka shi siriri har ana ganin haske ta cikinsa, a jiƙa a romo, a cika burodi, a tsoma duka. Marigayin bai taɓa ajiye kujera ko ɗaya ba. Baƙon da ya tambaya yakan ji amsa nan take: "Kujera? Gidan kakarka ka zo? Kafa gwiwar hannu a kan kantar nan, ja ƙafafunka baya, takalmin nan naka ba ya shan romo." Wanda kuwa ya ce a ba shi nasa a bushe, sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "A bushe? Ga kantin biskit can, Allah Ya raka taki gona." Ba mu taɓa jin wanda ya yi fushi ya fasa dawowa ba.

A shugabancinsa na biyu ne wani kamfani ya zo mana da daskararren romo a leda, yana cewa zai hutar da mu tashin asuba. Da yawa daga cikinmu mun fara lanƙwasa, har da mai sa hannu a wannan takarda. Marigayin bai yi doguwar magana a taron da muka yi da wakilinsu ba. Ya narkar da leda ɗaya, ya zuba a kofi, ya miƙa wa wakilin kamfanin ya ce, "Shanye, ɗana. In ka gama ba ka yatsine fuska ba, ni zan fara saye." Wakilin ya kurɓa sau biyu ya nemi ruwa. Da wannan kofin aka rufe maganar har yau. Lokacin da gobara ta cinye bayan rumfata, wadda ke kallon tasa a tsallaken titi, ni da shi ba ma ko gaisawa saboda wata tsohuwar gardama kan barkono, amma da kansa ya turo mini injin yankan namansa a kan amalanke, ya yi wata biyu yana yanka nasa da wuƙa. Bai yi mini magana ba ranar da ya kawo, bai yi ba ranar da na mayar.

Sai dai duk wanda ke cikin wannan sana'a ya san cewa abin da marigayin ya bari ba gini ba ne, ba kuma inji ba. Tukunya ce. Tun ranar da ya buɗe rumfar bai taɓa zubar da romonsa ya fara sabo ba: kullum akan rage kashi ɗaya cikin huɗu na jiya, a kwashe maiƙon da ya daskare a sama, a ƙara ƙashi da ruwan gashin yau da tafarnuwa, a sake tafasawa. Romon da mutum ya ci ranar Asabar yana da jini ɗaya da wanda ubansa ya ci yana saurayi. Kuma kowa a cikinmu ya san iyakarsa: yana jure kwana uku a firij ba a tafasa shi ba, a na huɗu sai a zubar a kwata. Tafasar ƙarshe da aka yi wa tukunyar Cosimo ita ce ta ranar Lahadi da tsakar rana, ƙarfe goma sha biyu daidai. 'Yarsa Loretta ce ta yi ta, tana kuka, kwana ɗaya bayan rasuwar mahaifinta. Ita ce dai ke tsaye kan wannan tukunya shekara ashirin da tara, kuma tun da hannun marigayin ya fara rawa shekara takwas da suka wuce, ba wanda ya sake riƙe ludayin sai ita. Babu ɗaya daga cikinmu da zai ce bai sani ba.

A nan ne laifinmu yake, kuma Kwamiti ya umarce ni in faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Sashe na tara na tsarin mulkin wannan ƙungiya ya ce idan mamba ya rasu, a zaman makoki za a miƙa ludayin tukunyarsa da makullin rumfarsa ga ɗansa namiji. An rubuta shi ne a zamanin da ba a taɓa tunanin mace a bayan kantar rumfa ba, mun yi ta aiki da shi ba mu taɓa sake karanta shi da idon basira ba. Ranar Litinin da yamma, a falon gidan marigayin, gaban mutum fiye da sittin, ni Stavros Kaloudis na miƙe da baƙar kwat ɗina, na yi jawabi mai daɗi, na ɗauki ludayin na danƙa wa Dakta Dario, likitan haƙori, wanda ya sauka daga birnin Phoenix da safiyar ranar, wanda rabonsa da ɗaura ƙyallen aiki tun yana makarantar sakandare. Na haɗa masa da makullan. Makullan nan kuwa na Loretta ne, ita ta ba ni su ranar Lahadi don in rataya baƙin ƙyalle a ƙofar rumfa.

Tana tsaye da farantin kofi a hannu, tana raba wa baƙi. Ta ajiye shi a hankali, ta naɗe hannun rigarta, ta nuna mini tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwa, ta ce, "Kawu Stavros, dubi hannunsa, ka dubi nawa. Shekara ashirin da tara kana ɗago mini hannu ta tsallaken titi kowace asuba. Wa kake zaton kana gaisarwa, firij?" Dakta Dario ya ce, "Ni ban roƙa ba, Loretta, ba ni aka yi." Ta ce, "To riƙe da kyau, Dakta, kada ya ɓata maka riga." Shi ma zuciya ta ɗebe shi, ya ce, "Halinki ke nan. Ko mutuwar Baba sai kin mai da ita taki ke kaɗai." Sai ta juyo gare mu, mu 'yan Kwamiti da muka jeru kamar an dasa mu, ta ce, "Ku ji da kyau. Duk wanda ya sa hannu a tukunyar nan a cikinku, na rantse da kabarin Mama, da hannuna zan juye ta a kwata. Kun ba shi, to ya dafa." Ta ɗauki jakarta ta fita. Tun daga lokacin wayarta a kashe take, ƙofar gidanta a rufe, ko limamin coci bai samu shiga ba.

Ƙungiya tana sane da abin da ya biyo baya jiya Talata, kuma ba ta ji daɗinsa ba. Muna gargaɗin waɗanda suka shafa wa motar hayar Dakta Dario yaji da mai cewa mutumin nan uba ya rasa, kuma ba shi ya rubuta sashe na tara ba. Muna gargaɗin mambobin nan biyu, sun san kansu, da ke zagaya bayan rumfar da ƙarfen ɓalle kwaɗo, suna cewa ceto za su yi: ba a taɓa sa hannun bare a tukunyar wani ba a wannan unguwa, ba kuma za a fara a kan gawar Cosimo ba. Masu yaɗa cewa Dakta ya riga ya yi magana da masu sayen fili, ko cewa Uwargida Loretta ta ɗebi romon a ɓoye ta kai gidanta, ƙarya suke yi, su ji tsoron Allah su rufe baki. Da ta ɗiba ma, da mun fi kowa murna.

Da asubahin yau Kwamitin Amintattu ya yi zaman gaggawa, kuma da rinjaye mai yawa ya soke sashe na tara. Daga yau ludayi na wanda ya tsaya kan tukunya ne, mace ko namiji, ɗa ko ba ɗa ba. Ƙungiya tana bai wa Uwargida Loretta Ferrandino haƙuri a bainar jama'a, kamar yadda aka ci mata fuska a bainar jama'a. Tana kuma bai wa Dakta Dario haƙuri, saboda mun ɗora masa kayan da bai nema ba, muka ja baya muna kallo. Ni kuma na miƙa wa Shugaba takardar ajiye muƙamina, za ta fara aiki da zarar an rufe kabari, domin na san abin da ke daidai ranar Litinin, na bi takarda na bar shi.

Za a yi jana'izar marigayin gobe Alhamis ƙarfe goma na safe a cocin unguwa, kuma dukan rumfunan mambobi za su kasance a rufe har sai motar gawa ta ratsa Titin Grand. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan bawanSa Cosimo, Ya gafarta masa kurakuransa da zafin bakinsa, Ya saka masa da alherin cikunnan da ya cika, Ya ba shi hutawar da bai taɓa ba kansa ba. Muna roƙon Ya bai wa 'ya'yansa, da jikokinsa, da danginsa na nan da na ƙetare juriyar wannan babban rashi, Ya sanyaya zukatan da muka taimaka wajen tafasawa.

Saura magana ɗaya, kuma taki ce ke kaɗai, Loretta, 'yata, tunda ba mu da wata hanyar isa gare ki sai wannan takarda da muka liƙa a ƙofarki da kowace ƙofar ƙarfe daga layinku har kusurwar Grand. Ƙarfe bakwai da rabi na safen nan ƙaninki ya kira ni. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba, ban rage ba: "Kawu, ina cikin rumfa. Na jawo tukunyar daga firij, na kasa ɗaga ta kan murhu. Yaya Loretta take yi ita kaɗai kullum? Na buɗe murfin na shinshina, ban san ko ta lalace ba. Kawu, ban ma san yadda ya kamata ta yi ƙamshi ba." Na ce ya tura ta ciki ya rufe, ya tura. Na ce ko in turo masa mai kama masa su ɗora, ya ce, "A'a. Akwai wurin da take kamu a gindi, na taɓa jin Baba yana faɗa, ban san ta wane gefe ba ne. In na ƙona ta, da wane ido zan dubi Loretta gobe a maƙabarta? Ka ce mata ƙofar baya a buɗe take, makullanta na jikin ƙofar. In ba ta son ganina, ta ƙwanƙwasa sau biyu, zan fita ta gaba."

Kwana uku za su cika ƙarfe goma sha biyu na ranar yau. Babu ɗayanmu da zai taɓa tukunyar, kin hana, kuma kina da iko. Ina tsaye a bakin rumfata ina kallon ƙofar, ba zan tsallaka titi ba. A lokacin da nake sa hannu, ƙarfe tara ne saura kwata.

Sa hannu:
Stavros Kaloudis
Sakataren Yaɗa Labarai mai barin gado,
Ƙungiyar Masu Rumfunan Burodi da Naman Sa ta Yammacin Chicago