Maganin da Inna Ta Jira

Zariya, 3 ga Maris

Zuwa ga Inna, a Dareta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙanwata Turai. Yaya jikinta? Farfaɗiyar ta yi sauƙi?

Kin ce in faɗa miki aikina. Akwai wata babbar kwamfuta a ƙasar waje mai iya nuna yadda ƙwayar magani ke kama gubar dalma, irin wadda ta shiga jinin Turai tana goye, shekarar da ake dakan dutsen zinare a tsakar gidanmu. Aiki da kwamfutar yana ba malamanmu masu binciken magani wuya. Ni nake gina musu shafi a intanet: mutum ya zaɓi maganin da zai gwada, ya danna, ita ta yi lissafin. Inna, da ikon Allah daga nan maganin Turai zai fito.

Ɗanki,
Muttaka

Zariya, 19 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki, yaya ruwa, yaya mai jiki? Kawu Jibo ya kira ni. Ya ce wata uku ke nan ba ki kai Turai asibitin Anka ba, ƙwayoyin farfaɗiyarta sun ƙare, kin ce hanya ba tsaro, kuma ga Muttaka nan tafe da maganin gaskiya.

Inna, laifina ne. Na so ki yi alfahari da ni, na ƙara gishiri. Ni ba likita ba ne. Abin da kwamfutar ke yi gwaji ne a hoto, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa haɗawa ba. Ko an dace, shekaru ne a gaba, kuma ba zai gyara abin da dalma ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba. Don Allah ki kai ta ranar Litinin. Kawu zai raka ku.

Ɗanki mai neman gafara,
Muttaka

Zariya, 11 ga Yuli

Inna,

Na iso lafiya. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Turai, ya sa ta huta.

Kwana bakwai na yi a gida ina jiran ki yi mini faɗa. Ba ki yi ba. Kullum sai ki turo mini fura, kina cewa na rame. Da na ɗauki jaka kika biyo ni zaure kika ce, "To, ko don 'ya'yan wasu, maganin ya samu?" Na sunkuyar da kai na wuce.

Ga amsar. Bai samu ba, Inna, ban kuma san ranar ba. Jiya aka buɗe shafin. Wata malama ta tura gwajin farko, ya tafi lafiya, ofis ya ɗauki tafi. Na fita bayan gini na zauna a ƙasa.

Na roƙi izinin dawowa gida in riƙa yin aikin daga Anka, an amince. Ƙarshen wata ina tafe. Hannuna babu komai, amma ki bar mini ɗakinta.

Ɗanki,
Muttaka