Katin Zaman Hajiya

9 ga Afrilu

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Auta da maigidanta da jaririyar. Yaya gwiwar taki? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kafin ki tafi gida kin tambaye ni ko ya sha wahala, na ce miki mu jira rahoto. Jiya 'yan sanda suka kira ni na karɓo shi. Ga abin da ke ciki, ban ƙara ba, ban rage ba. Ranar Talata, 14 ga Janairu, yaron nan ya bar gida a kan kekensa da ƙarfe bakwai da kwata na safe. Da ƙarfe bakwai da minti talatin da biyu, a mararrabar da ke gaban kantin magungunan da yake aiki, wata motar kai kaya ta sha kwana ba tare da direbanta ya gan shi ba, ta buge shi. Likita ya rubuta cewa tun daga faɗuwar bai farfaɗo ba, kuma rai ya yi halinsa da ƙarfe takwas da minti shida, kafin a isa asibiti. Amsar tambayarki ke nan: bai san abin da ya faru ba.

Na zaɓi rubutu ne domin waya ba ta yi mana. Mukan gaisa, ki ce lafiya, in ce lafiya, sai jaririya ta tsala kuka, mu biyun mu samu mafita. Na roƙi Auta ta buga miki wannan da manyan haruffa, tunda kin bar tabaranki a kan firij.

Akwai magana guda da ba ta jira. Dokar ƙasar nan ita ce duk mai katin zama na dindindin, idan ya wuce wata shida a jere a waje, katinsa ya faɗi. Kin tashi ranar 2 ga Fabrairu. Saboda haka dole ne ƙafarki ta taka ƙasar nan kafin 2 ga Agusta. Na je ofishin shige da fice na tambaya ko ana yi wa mai makoki rangwame. Ma'aikaciyar ta yi mini ta'aziyya da kyakkyawan lafazi, sannan ta ce babu. Ba sai na tuna miki shekarun da muka yi muna bin layi a gaban ginin nan ba, ko jarrabawar harshen da kika faɗi kika sake zama har kika ci. Idan katin ya faɗi, kin koma baƙuwa mai neman izinin ziyara, kuma da yake ritayata ta kusa, ba na jin za su sake ba ki irinsa.

Sauran al'amura ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na rufe asusunsa na banki, na sanar da kamfanin inshora da ofishin haraji. Abin da ban yi wa shiri ba shi ne sunan. Kin sani, ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, shekara ashirin da shida bai taɓa fita daga bakina ko naki ba. A banki wani matashin ma'aikaci ya ɗora yatsu a kan na'ura ya ce, "Sunan mamacin?" Na tsaya ina kallon yatsunsa har ya ɗago ya dube ni, ya tambaya a hankali ko ina da takardar da zan duba. Ya ɗauka na manta sunan ɗana. Na faɗa masa, ya ce in maimaita, sannan in jero masa haruffan. Tun daga ranar kowane ofishi sai na faɗe shi ga mutanen da ba su san yadda ake furta shi ba.

Lafiyata lau. Ina zuwa jami'a, ina koyarwa, ina dawowa. Sai dai tsohuwar da ke zaune a ƙarƙashinmu ta tare ni a matakala ranar Lahadi, ta ce ko motsa jiki likita ya rubuta mini, domin tun safe take jin takuna daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa falo. Na ba ta haƙuri, na sayi silifa mai laushi.

Ki gaida Yaya Babba da iyalinsa. Ki sanar da ni makon da ya fi miki, in yanki tikiti.

Naki,
Malam

27 ga Mayu

Hajiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin da Auta ta ce ya taɓa jaririya ya sauka. Allah Ya raya ta. Na ga hotonta a cinyarki. Goshin naki ne, wannan babu gardama.

Takardata ta farko ta isa, Auta ta tabbatar mini. Ta ce kin karanta, kin ninke, kin sa a ƙarƙashin sallaya. Ba zan matsa miki ba. Amma kalanda ba ta san kawaici ba, saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Mai gidan nan ya aiko cewa yarjejeniyar haya za ta ƙare a ƙarshen Satumba, yana son ya ji ko za mu sabunta. Akwai wani sashe mai ɗaki biyu da za a tashi daga cikinsa a hawa na ƙasa, wanda zai raba gwiwarki da matakala. Na shiga na duba. Da haske, tagar kicin tana kallon bishiyoyi. Na ce masa sai na yi shawara da maiɗakina, domin komawa can na nufin kwashe ɗakin yaron, ni kuwa ba zan taɓa ko takalmi ɗaya ba sai kina tsaye.

'Yan sanda sun dawo da keken. Na jingine shi a ƙasan matakala, washegari mai kula da ginin ya manna masa takarda cewa hanyar gudun gobara ce, ba a ajiye kaya. Na kira masu kwashe manyan tarkace, suka ba ni rana. Da ranar ta zo na sauko da nufin in fitar musu da shi bakin titi, sai na tsinci kaina ina hawa da shi sama. Yanzu yana falo, bayan doguwar kujera. Ƙafar gaban ta lanƙwashe, ba ya tsayuwa sai an tokare shi. Na canza masa wuri ya fi a ƙirga. Ko'ina na sa shi, sai in ga ba nan ba.

Haka nake da komai kwanan nan. In zauna zan duba takardun ɗalibai, in tashi in wanke kofin da na riga na wanke. Na jera littattafaina bisa tsayi, na rushe, na jera bisa fanni. Shukokinki na bakin taga na ba su ruwa har biyu suka ruɓe. Ki yafe mini wannan.

Mai Haƙori, abokin nan nawa likitan haƙori, ya zo ranar Asabar. Kin san shi da baki, tun shekarar da muka sauka ƙasar nan tare bai canza ba. Ya same ni ina tsara wannan takardar, ya leƙa ta kafaɗata ya ce, "Farfesa, wasiƙa ce wannan ko sammaci? Saura ka buga mata hatimi ka ce ta sa hannu a shafi uku." Na ce masa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana magana da waɗanda ya cusa wa auduga a baki ba shi zai koya mini zance ba. Ya yi dariya har da tari, ya sha shayi, ya tafi. Matarsa tana gaishe ki, ta ce kujerarki a wurin karatun mata tana nan ba mai zama.

Sai maganar maƙabarta. Na je ofishin ƙaramar hukuma inda ake ajiye takardunta. A nan ba a mallakar kabari, aronsa ake ba ka na shekara ashirin da biyar, in wa'adi ya cika a sabunta, kuma wanda zai tsaya a kai dole ne ya zama mazaunin ƙasa. Sun nemi suna biyu. Na ba da nawa, na ba da naki. Na girme ki da shekara goma sha ɗaya, Hajiya, lissafin ba mai wuya ba ne. Sun kuma ce a kawo abin da za a rubuta a ɗan allon da ake kafawa, in ba haka ba lamba kawai za ta zauna a wurin. Na ce a ba ni lokaci.

Likitarki ta ce ba za ta sabunta miki maganin hawan jini ba sai ta gan ki ido da ido. Akwai jirgi ranar 19 ga Yuli da 26. Na biyun yana tsayawa a hanya, ba zan so miki shi ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Malam

6 ga Yuli

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Auta da maigidanta da ƙaramar. Ina fatan kin tashi lafiya.

Amsarki ta iso. Auta ta ɗauki hotonta ta turo mini, da rubutun hannunki. Kin ce: "Malam, na ji labarin kati, na ji na mai gida, na ji na likita. Ni ba kati na haifa ba. Ka rubuto mini labarin ɗana." Ban taɓa jin kin ce ɗana ba sai a wannan takardar. Na tafi aji da ita a aljihu, na tsaya gaban allo, na ce wa ɗalibai su karanta babi na gaba, na fita.

To, ga shi, gwargwadon iyawata.

A safiyar ranar kina ɗaki, ni ina kicin. Ya shigo da hular kwanonsa a hannu, ya sha ruwa a tsaye, abin da kika hana shi tun yana ƙarami. Ya ga na ɗaure ledar shara na ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, an mayar da kwashe shara Laraba fa, kada ka sauke yau su ci mu tara." Na ce to. Ya ce, "Ka ce to, amma na san sai ka sauke." Ya yi dariya, ya ja ƙofa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na so a ce wata ce mai nauyi, amma da na daɗe ina juya ta, na ga ita ce shi. Tun yana ɗan shekara tara shi ne bakinmu a ƙasar nan. Shi yake raka ki asibiti ya yi tafinta ƙafafunsa ba sa kai ƙasa daga kujera. Ni mai digiri uku, shi yake gaya mini wace leda ake zuba kwalba, wace takarda ce ta gaske, wacce ce ta talla. Muka zauna a ƙasar mutane shekara da shekaru muna jin mun iya, ashe jingine muke.

Ni na koya masa keke, a filin ajiye motoci na bayan tsohon gidanmu. Ina riƙe da sirdin ina gudu, yana cewa kada in saki. Na saki bai sani ba, ya kai ƙarshen filin shi kaɗai. Da ya juyo ya hango ni nesa, fuskarsa ta cika da murna. Na koma gida na ce miki yaron nan ya iya. Kika ce uhm, kika juya baya kina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Na ga bakinki, Hajiya. Murmushi kike yi.

Na san abin da ya riƙe ki a can. Kina da jika a hannu, kina da 'yan'uwa masu shigowa su zauna da ke. A nan kuwa matakala ce da ɗakin da ba a buɗewa da miji mai jera littattafai. Ba zan sake ambaton kwanan wata ba, kin riga kin san shi. Na yanke shawara: idan kika zaɓi zama, zan ƙarasa wannan zangon karatu in ajiye aiki in biyo ki, domin ba zan iya zaman gidan nan ni kaɗai ba. Abin da hakan ke nufi shi ne za mu bar shi a nan ba kowa nasa. Na auna wannan ta kowace fuska, na kasa samun inda zai yi sauƙi. Na dai san cewa ke ce mai rai.

Amma ina so ki dawo. Ba don likita ba, ba don mai gida ba. Ni nake so.

Ki gaida Yaya Babba, ki shafa mini kan ƙaramar.

Duk ofisoshin na gama da su. Abin da ya rage guda ne: tun ranar da muka rufe shi ban shiga maƙabartar ba. Kowace Juma'a nakan hau bas in sauka a bakin ƙofarta, in tsaya, in tsallaka titi in hau mai komawa. Allon ma ban rubuta ba. Ba zan iya shiga ni kaɗai ba, Hajiya. Ki zo ki kai ni.

Mijinki,
Malam