Ruwan da Na Hana a Zubar a Shafa

Zuwa ga Hajiya Fatsuma, mai filin shawarwari,

Ina gargaɗin duk uwar da za ta karanta wannan: kada ki bar ɗanki ya karɓi aiki a ƙasar da ba ki san halin sanyinta ba. Bayan haka, Hajiya, ki taimake ni, don na rasa wanda zan gaya wa a nan ba tare da magana ta zaga unguwa ba.

Ni mazauniyar Ka'akiyya ce a gefen Makka. Na yi makarantar 'yan mata a Sudan kafin mu ƙetaro, saboda haka ba jahila ce take rubuto miki ba. Marigayi mijina saƙƙa ne, wato ɗan garuwa. Da garwa biyu ya ciyar da mu, har kafaɗarsa ta yi kanta. A gidana ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, na kwanuka a yayyafa a tsakar gida. Yaron da ya ɓarar da moɗa guda ya san abin da zai biyo baya. Ban taɓa jin kunyar wannan tarbiyya ba, yau ma ban ji ba.

Autana, zan kira shi Lurwanu, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Wani attajirin yadi ya ɗauke shi gadin gidansa na shan iska a Shafa, can saman duwatsun Ɗa'if, ya kuma yi alkawarin tsaya masa a yi masa takarda. Iyalin mai gidan sukan hau can lokacin zafi, su sauko idan sanyi ya matso. Gidan yana da tanki a kan rufi, da bututun ƙarfe da suka bi bango ta waje har cikin lambun rumman.

Kafin azumi na je duba su, shi da matarsa Hure. Na tarar ya buɗe famfon lambu, ruwa garau wanda za a sha yana kwarara cikin ƙasa, Hure kuma tana zaune tana farke buhuna. Da na tambaya, ya ce mai gidan ne ya umarce shi: kafin sanyi ya kankama a rufe babban makullin ruwa, a tsiyaye tanki da bututu, a nannaɗe na waje da buhu, wai ruwa yakan daskare ya fasa ƙarfe. Na ce masa ubansa sai ya yi yini yana hawa da sauka bai ɗebo rabin wannan ba. Na ce ƙanƙara a ma'aikata ake yin ta a sayar a kasuwa, kuma daskarewar ruwa da muka karanta a makaranta a ƙasar Turawa ne, nan kuwa Hijaz ne. Ruwa ne zai fasa ƙarfe? Hure ta ce ai mai gida ya fi kowa sanin gidansa, na ce mata ba a nemi bakinta ba. Na gaya wa Lurwanu in ya ƙara zubar da ɗigo ban yafe ba. Ya rufe famfon, ya sake cika tankin a gabana. Buhunan ma na taho da su, don buhu mai kyau ba abin sa wa ƙarfe riga ba ne.

Tsakiyar azumi sanyin ya sauko. Da safe famfo ya ƙi kawo ko na alwala. Da rana ta ɗaga, bututun suka fara tsiyaya ta inda suka tsattsage, tankin ya juye kansa a jikin bango, ruwa ya shiga ɗakin da aka tara dardumai, gefen bangon ya burma. Hure ta fito da gudu ta taka ƙanƙara a gindin matakala, ta faɗi. Tana da ciki. Ta yi ɓari.

Mai gidan ya hau ya gani, ya tambayi Lurwanu ko ya yi abin da aka ce. Yaron ya ce mantawa ya yi. Bai ambace ni ba. Mutumin ya ce yanzu hidimar alhazai ta sha kansa, amma bayan Hajji zai duba, kuma mai manta amana ba ya tsaya masa, gara jawazat, hukumar shige da fice, su san da zamansa. Kin san ma'anar wannan: a sa shi a jirgin ruwa zuwa ƙasar kakanninsa da bai taɓa gani ba.

Yanzu suna ɗakina. Lurwanu yana gaishe ni da Larabci, a taƙaice, kamar baƙo. Hure ta juya fuskarta bango. Babbar 'yata Shatu ta ce in je in gaya wa mutumin gaskiya. Ni da furfurata, in tsaya a bakin kantin wani in ce na yi laifi don na hana almubazzaranci, abin da addini ya hana? Kuma shi Lurwanu da gemunsa, me ya hana shi yi mini bayani yadda zan gane? Shin tilas ne in je?

Na dai kafa doka: ba wanda zai sake hawa dutse neman aiki daga gidana, kuma famfo ba zai shigo mini gida ba.

Uwa daga Ka'akiyya

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya ba Hure lafiya.

Tsimin ruwanki ba laifi ba ne. Wadda ta ga kafaɗar mijinta ta yi kanta tana da dalilin jin zafin ɗigo. Amma mai gidan gaskiya ya faɗa. Na ga irin wannan da idona shekarar da na je kwas Ingila. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, in bai sami wurin tafiya ba ya tsaga ƙarfe, kuma ba ya tambayar sunan ƙasa, tsayin dutse ya ishe shi. Shi ya sa ake rufe babban makulli, a bar famfunan waje a buɗe har su tsane, a nannaɗe bututu da busasshen buhu a ɗaure. Da kin ce a tari ruwan a randuna a cikin ɗaki, sauran a ba itatuwan rumman, da an bi umarninsa an kuma bi naki.

Kin tambayi me ya hana Lurwanu yi miki bayani. Ya yi. Ke kika ɗora masa kalmar da ɗa na kirki ba ya iya tsallakewa, kuma har yau yana rufa miki asiri ko da zai rasa zamansa a ƙasar. Eh, ya kamata ya nemi mai gidan ya sanar da shi, rashin yin hakan sakacinsa ne. Amma bai manta amana ba.

Tilas ne ki je, kuma kada ki jira bayan Hajji. Ki tafi da Shatu da wani dattijo da mutumin zai ji nauyinsa. Ba roƙo za ki yi ba, shaida za ki bayar: yaron ya fara aikin, uwarsa ta hana shi. Lurwanu ya yi tayin gyara bangon da hannunsa. Ban ce lallai mutumin zai sauko ba, amma wanda ya ji cewa biyayyar uwa ce ba zai kalli yaron da idon da yake kallon mai sakaci ba.

Kafin kanti, ki fara da ɗakinki. Ki dama kunu ki zauna kusa da Hure, ki gaya mata ita ce ta yi gaskiya ranar.

Dokarki kuwa, ba dutse ne ya yi laifi ba, ba famfo ba. Ki canza ta haka: a gidanki ba a ɓarar da ruwa, kuma ba a cewa "ban yafe ba" a kan aikin da wani ya ba ɗanki amana. Allah ya sassauta zuciyar mutumin, ya bar miki ɗanki kusa da ke.

Hajiya Fatsuma