Ganyen da Tsutsa ta Ciza

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can, kai da Anti da yara. Allah ya raba mu da ciwon da ba ya sallama. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Auta kuwa yana nan da taurin kansa, kullum a kan keken ɗinki.

Yaya, ka saba tsokanata wai na yi karatu don in yi kiwon tsutsa. To, ga abin da tsutsar ta nuna mana. A rumfar gilashin da nake aiki, muna ɗora tsutsa a kan ganyen tumatir ta ci, sannan mu kai ganyen ɗakin gwaji mu duba ƙwayoyin gadonsa, wato masu tsara yadda shuka take aiki. Da tsutsa ta fara ci, waɗansu ƙwayoyin da ke kwance sai su farka, shukar ta rage girma, ta koma haɗa sinadarin da ke hana tsutsa narkar da abinci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shuke-shuken da ke tukwanen gefe, waɗanda ko taɓa su ba a yi ba, su ma nasu sun farka. Shugabar sashenmu ta ce ai ganyen da aka ciza wani ƙamshi yake saki, maƙwabta su ji, su shirya tun kafin tsutsa ta iso.

Na kawo maka wannan ne don Anti ta gaya mini abin da ka ɓoye. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce tun bara likita ya gano kana da hawan jinin ido, ya ce ka sa 'yan uwanka su je a auna su, don ciwon yana bin jini. Kai kuma wai ba ka son tayar mana da hankali. Wallahi na ji haushi, Yaya. Na je an auna ni, ina da shi. Ganin gefen idona na hagu ya riga ya tafi, kuma likita ta ce ba ya dawowa. Na fara ɗiga magani don a tsare sauran.

Saura Auta. Na yi masa magana, ya ce shi da yake zura zare a allura ba tabarau, me zai kai shi asibiti. Ciwon nan kuwa ba ya zafi, ta gefe yake ci. An ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ai sai ka ga wutar. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi, ka faɗa masa da bakinka cewa kai ma kana da shi.

Ka gaida Anti, da yara, Babban Mutum da 'Yar Lele. Inna tana gaishe ku. Na rubuta da manyan baƙaƙe, don Anti ta ce yanzu ita take karanta maka saƙo. Wannan dai ka karanta da kanka.

Ƙanwarka,
mai kiwon tsutsa