Gwiwar Adnan da Kazar Mai Ɗori

Lausu, Rano.

Zuwa ga Yaya Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Fatima da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. An gama yankan dawa, Inna tana nan da ciwon bayanta, na yaye Mufida.

Ka tambayi labarin ɗanka Adnan, to ga shi. Ka san bara da masu ƙungiyar ƙwallon nan ta birni suka zo Rano zaɓen yara, shi suka fara ɗauka, wai shi ne mai raba ƙwallo, duk wasa daga ƙafarsa yake tashi. Har guɗa aka yi a gidan nan. Kai ka ce a waya ba dabara ba ce ƙungiya ta fara da irinsa alhali ba ta tanadi ƙarfafan da za su kare shi ba. Babansa, Malam Haliru, ya ce in babu mai rabawa sauran goman gudun banza suke yi. Ni ban san ƙwallo ba, amma musun nan na ji shi har na haddace.

Bai yi wata biyu yana buga musu ba wani ƙato ya taka masa gwiwa. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, sai an yi aiki. Malam ya ce ba mai yanka masa ɗa ga Mato mai ɗori a Kibiya, wanda ya ɗora rabin garin nan. Mato ya shafa, ya ja, ya ɗaure da kara. Sannan ya karya ƙafar wata kaza ya ɗaure ta, ya ce ranar da ta taka yaro zai taka. Ni nake zuba mata tsaba.

Bana ƙungiyar ta dawo, ta kuma fara da mai raba ƙwallo, wani yaron Yalwa. A majalisa an ci gaba da musu daga inda aka tsaya. Adnan yana kan tabarma, ko rediyo ba ya kunnawa. Ni ma, Yaya, kukan ya ƙi zuwa. Ina girki, ina shara, ba na jin komai.

Abin da nake roƙo, ka kira Malam, maganarka yake ji. Likitan ya ce in aka ƙara jinkiri aikin ma ba lallai ya yi amfani ba. Kazar kuwa ta taka tun watan jiya, har ta fara ƙwai. Malam ya ce ai ga shaida nan, a ƙara haƙuri.

Ka gaida Fatima da Salahuddeen da Amiru. Inna tana sa muku albarka. Adnan ma yana gaishe ka, daga zaune.

Ƙanwarka,
Ramlatu.