Kyanwar Isufu

Gaya, daren Laraba

Yau ma a layin duwan, wajen 'yan kwastan, na wuni, sai bayan la'asar na iso gida. Na iske yarona Isufu zaune gaban tele, bai fita ƙwallo ba. Kwana huɗu ke nan yana neman kyanwarsa, har bakin gulbi ya je yana kiranta. Ni na take ta da kamiyo, babbar motar da nake tuƙawa, ran Asabar da asuba, ina ja da baya. Na binne ta bayan gareji, ban gaya wa kowa ba.

Na zauna kusa da shi. Irin fim ɗin zanen nan na yara mai magana da Faransanci ake nunawa. Kifin wani yaro ya mutu cikin kwalba, uban ya ruga kasuwa ya sayo wani ya saka, yana ta zufa kar a gane. Na yi dariya, Isufu bai yi ba.

Ya ce, "Baba, da kai ne, za ka sayo wani?"

Na ce a'a. Na jima ina kallon tele, sannan na faɗa mishi yadda aka yi.

Bai yi kuka ba. Ya ce, "Na ga jini a ƙofar gida tun ranar. Na ci gaba da nema ne, ko Allah ya sa ba nata ba ne."

Muka kalli sauran fim ɗin har ya ƙare. Gobe kafin ya tafi lakwal karatu yana so in nuna mishi wurin da na binne ta, na ce to. Ya ce kuma kar in kawo mishi wata.