Makarar Masallacin Layinmu

Nyanya, Lahadi

Ɗana Yamusa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Muhibba. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi, amma wannan magana ta fi ƙarfin waya.

Ka tuna makarar ƙarfe ta kamfaninku da masallacin layinmu ya saya? Ka ce min kai ka cire sandar tsakiya, ka rage kaurin ƙarfen don ta yi araha, har oga ya yaba maka. Ni ma na sa maka albarka.

Ranar Talata aka ɗauki Malam Manniru mai shayi a cikinta. Maza sun ce a hanyar maƙabarta ta fara nishi kamar mutum, cikinta ya lotsa, sau uku ana sauke ta. Alhali mutum ne da ciwo ya cinye har ya zama ƙashi da fata. Yanzu ana raɗe-raɗin wai mugun aikinsa ne ya yi masa nauyi. Matarsa Fadima tana takaba, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa.

Jiya da azahar na wuce makarar, tana jingine da bangon masallaci. Ba iska, ba kowa, na ji ta yi ƙara a hankali. Ban waiwaya ba.

Ka zo ka duba ta.

Mahaifiyarka,
Ikilima

Nyanya, Juma'a

Yamusa,

Ina gaishe ka, ya Muhibba? Na ga amsarka. Ka ce lissafinka daidai ne, kun gwada makarar da buhunan siminti, kuma masallatai arba'in sun samu makara saboda arahar. Ban musa ba. Amma buhu a ajiye kuka gwada. Ba ku gwada kafaɗun da ke karɓa-karɓa a hanya mai ramuka ba.

Ta sake yin nishin ranar Laraba, da wata tsohuwa mai yawan azumi. Ita ma an fara cin namanta. Tun daga ranar nake lissafin tsofaffin layinmu, mu huɗu muka rage.

Ka roƙe ni in yi shiru saboda aikinka. Na yi na kwana biyar. Yau da safe na shiga wurin Fadima, na ce mata mijinta ba shi da laifi, ɗana ne ya cire ƙarfen makarar. Ta yi kuka, ta ce in maimaita a gaban liman. Bayan la'asar za mu je.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Ikilima